Yadda za ka kai iyali hutu bakin teku a Gana a dawo ba wanda ke fushi da wani

Duk wanda ya ce min zai ɗebi iyali ya kai su hutu bakin teku, abun da nake fara tambayarsa shi ne, shiru kake nema ko kallo? Don abu biyu ne daban kuma ba a samun su waje ɗaya. In kallo ne da kiɗa da hawan doki da masu talla suna bin ka, ga Legas nan kusa, ko Labadi a cikin Akra. Amma in so kake ka samu inda ba abun da za ka ji sai ƙarar ruwa, yara su wuni suna tonon yashi, uwargida ta miƙe ƙafa ba mai zuba mata ido, to ni inda nake nuna wa mutane shi ne gaɓar tekun Gana ta yamma da Akra, wato wajen Anomabo, Elmina, Brenu Akyinim, in kuma kana da juriyar mota ka wuce Takoradi ka kai Busua ko Axim.

Dalilina ba wani mai nisa ba ne. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga Gana saboda yarjejeniyar ECOWAS, ana ba ka har kwana 90. Turancin da ka ɗan iya ya ishe ka, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku don haka cajarka za ta shiga ba sai ka nemi komai ba, sannan babban abun, kusan duk garin da ya amsa sunansa yana da zango, kuma zango na nufin masallaci, da mahauci musulmi, da mai koko da ƙosai da safe, da wanda za ka yi wa sallama da Hausa ya amsa maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taho da mata da yara.

Takardu dai a gama da su tun da wuri. Kowane yaro da fasfo ɗinsa, har jariri. Sai katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, ana tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka, kuma allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, saboda haka ba abun da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Ana yi wa yaro daga wata tara, kuma sau ɗaya ya isa har abada tun da aka canza dokar a 2016. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yaran ko uba kaɗai, a riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa, ba kullum ake tambaya ba amma ranar da aka tambaya babu, ranar za a san an yi sake.

Jirgi daga Legas zuwa Akra wajen awa ɗaya ne. Ta mota kuwa sai ka ƙetare iyaka uku, Seme ka shiga Benin, ka wuce Kwatano ka shiga Togo, ka ratsa Lome ka faɗa Aflao, garin kan iyakar Gana. Tafiyar tana da daɗin kallo ga samari masu jini a jika, amma da goyo da 'yan yara ni ban ba ka shawara ba sam, sauka da hawa da buga hatimi sau uku zai cinye muku ƙarfin hutun tun ba a ga ruwa ba. Kuma ku tuna agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya.

Daga Akra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, a takarda kamar ba komai, amma akwai garin Kasoa a tsakani, kuma cunkoson Kasoa ba ya jin Allah ya kiyaye. Ku fita da asuba bayan sallah, ko ku tambayi masaukin su turo muku direban da suka sani, ya fi tsada kaɗan amma shi ya san kwanar da ake barin kwalta a shiga jar ƙasa, domin yawancin wuraren nan masu shiru ba a bakin titi suke ba.

To nan ne maganar take. Shirun da kake biya wa kuɗi yana da nasa farashin daban, shi ne nisa. Nisa da kanti, nisa da kemis, nisa da asibiti, nisa da na'urar cirar kuɗi, wani wajen har sabis sai ka hau tudu. Mutane da yawa suna ganin hoton bishiyar kwakwa da farin yashi a intanet sai su ɗauka otal ne irin na Abuja da aka ɗauko aka ajiye bakin ruwa, alhali ɗakuna ne goma ko sha biyar a gefen ƙauyen masunta, mai girki ɗaya, kicin ya rufe ƙarfe tara. Don haka shirin da za ka yi, yi shi irin na wanda zai kai iyali biki ƙauye ya kwana biyu, komai da hannunka. Wanda ya yi haka zai ji daɗin wajen, wanda ya zo yana jiran a yi masa komai da danna ƙararrawa shi ne zai wuni yana faɗa da ma'aikata.

Kafin ka tura ko sisi, nemi lambar WhatsApp ɗin wajen ka yi magana da mutum mai rai. Ka ce ya ɗauko maka bidiyo yau yau, ba wanda ke ajiye a waya tun bara ba, ya fara daga ɗakin, ya shiga banɗaki ya kunna famfo ka ga ruwa na zuwa, ya fito ya taka har bakin ruwan ya juya kyamara hagu da dama. Wannan juyawar ita ce mai muhimmanci. Akwai lokutan da teku ke amayo leda da robobi da wata ciyawar ruwa mai ruwan ƙasa da ke taruwa tana ruɓewa tana wari, musamman can yamma, kuma gaskiya ɗaya ce, gaɓar da ke manne da gari wani lokaci nan ne bayan gidan wasu. Masaukin kirki yana share gabansa kowace safiya, za ka gani a bidiyon. In ya fara ce maka ai hotunan suna shafinmu, to ka gane.

Sai ka jero masa sauran tambayoyin ba kunya, kuɗinka ne. Akwai janareto in an ɗauke wuta, kuma yana ɗaukar esi ko fanka kawai? Tagogi da raga, gado da gidan sauro? Akwai ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani ko ɗan gida guda mai falo, don yaran da suka fara girma su samu nasu wajen? Akwai firij a ɗaki? Kuɗin da ya faɗa har da haraji da karin kumallo, kuma karin na mutum nawa ne? Wannan ta ƙarshen tana jawo rigima sosai, don otal a Gana ana ɗora masa haraji kala-kala a kan kuɗin ɗaki, kuma sau da yawa karin kumallon mutum biyu ne kowane ɗaki, kai kuma ka taho da mutum bakwai. A rubuta maka jimillar a saƙo ka ajiye.

Ka kuma tambaye shi kai tsaye, ina mashayar take daga ɗakin da za ku ba ni, kuma kuna karɓar biki ko fati a ƙarshen mako? Kusan duk wuraren nan suna sayar da giya, wannan ba ka da yadda za ka yi da shi, abun da kake da iko a kai shi ne ka zaɓi ɗakin da ke can ƙarshe, wanda hanyarsa zuwa bakin ruwa ba ta bi ta gaban masu sha ba. Kuma wajen da ke shiru ranar Laraba yana iya zama wani abu daban ranar Asabar, lokacin da mutanen Akra da Takoradi suka sauko da lasifika da kuloli. Ga kuma jana'iza, wadda a kudancin Gana yawanci Asabar ake yi, da rumfuna da baƙaƙen kaya da ja da kiɗa har dare, in ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku suna da ita to kun sha kiɗa kyauta. Shi ya sa nake cewa a shiga Lahadi da yamma ko Litinin, a fita Juma'a. Wasu wuraren ma suna rage kuɗi a tsakiyar mako in ka tambaya.

Lokacin shekara ma a duba. Daminar gaɓar tekun Gana ba irin tamu ba ce, biyu ce, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, Mayu da Yuni su ne ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ƙaramar wajen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta, wanda ya yi daidai da dogon hutun makarantunmu, ruwan sama yana ɗaukewa, gari ya yi sanyi-sanyi da lumshi, ana jin daɗin zama sosai, sai dai tekun yana da sanyi kuma yana da fushi a lokacin. Disamba zuwa Maris rana ce tas, ruwan ya fi lafawa, amma Disamba ɗin tun daga 2019 da suka yi shekarar dawowar jikokin bayi, Gana ta zama wajen cincirindo, komai ya yi tsada, kuma ranar 26 ga wata da ranar sabuwar shekara kowa bakin ruwa yake nufa. Haka Ista, haka 6 ga Maris ranar 'yancin kansu. In ka samu satin farko bayan sabuwar shekara kafin a koma makaranta, ka dace.

Yanzu maganar da na fi so a saurara da kunne biyu, maganar ruwan kansa. Mu mutanen tudu ne, wanda ya fi kowa iya ruwa a cikinmu a kududdufi ya koya, ko rafi, ko dam ɗin Tiga. Wannan iyawar ba ta aiki a nan. Tekun Atilantika a wannan gaɓar yana da wani jan ruwa da ke komawa ciki ta siririyar hanya da gudu, duk ruwan da igiya ta turo waje ta nan yake komawa, kuma abun da ke yaudarar baƙo shi ne wajen ya fi ko'ina kama da lafiya, hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, shi kuma tsakiyar lumui, ɗan duhu-duhu, sai ka ce yawwa bari yara su shiga ta nan. To nan ne ba a shiga. Yawancin wuraren nan kuma ba su da mai ceto a zaune, ko akwai ma mutum ɗaya ne yana wani aikin.

Ranar farko kafin kowa ya jiƙa ƙafa, maigida ka je ka sami ma'aikacin da ɗan garin ne, ko masuntan da ke gyaran taru a inuwa, ka gaishe su ka tambaya ina ake shiga, ina ba a shiga, wane lokaci. Su suka san shi. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a rana, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka inda kuka shimfiɗa tabarma jiya da hantsi a bushe, yau yana iya zama cikin ruwa. Dokar gidana ita ce ƙananan yara iyakarsu idon sawu, manya iyakarsu gwiwa, kuma ba a juya wa teku baya, domin igiya ba girmansu ɗaya ba, sai ƙanana su yi ta zuwa ka saki jiki sannan babba ta zo ta share ƙafar yaro. Ka tsaya ka ji yadda yashi ke zamewa ƙarƙashin tafin ƙafarka in ruwan zai koma, kana tsaye cak amma kana nutsewa kaɗan-kaɗan, daga nan za ka gane ƙarfin abun.

Kuma a raba aikin tsaro da suna. Ba a cewa ai muna nan dukkanmu, don in kowa na kallo to ba mai kallo, Baba na waya, Mama na ɗaukar hoto, Anti na ɓare gyaɗa. A ce daga yanzu zuwa azahar Baban Ummi ne da yara, wayarsa tana jaka. In ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Haka ma wajen kwamin wanka in masaukin na da shi, can ma yaro na nutsewa shiru ba ihu ba komai.

In Allah ya ƙaddara ruwa ya ja babba, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiyar ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar kansa ya taso, ya ɗaga hannu, in zai iya iyo ya yi gefe, wato ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga hanyar jan, sannan ya nufo tudu. Na waje kuma kada ya faɗa da gudu, sau da yawa mai ceton ne ke tafiya. A yi ihu a kira masunta, a jefa abun da ke yawo a kan ruwa, jarka ko kula ko ƙwallo.

Hajiya, ke kuma maganar sutura. Ba wanda zai hana ki shiga ruwa da suturarki, kuma a wajen da ba jama'a da sassafe za ki sake yadda kike so. Amma dogon hijabi har ƙasa da abaya da zani, in suka sha ruwa nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da ke tashi ya zama aiki. Ki nemi dogon wando da riga mai dogon hannu zuwa gwiwa na yadi mara shan ruwa, da ƙaramin hijabi mai kama kai, ki ajiye babban mayafi a kan kujera ki yafa in kin fito. Ana sayar da kayan wankan musulmi ɗinkakku ma, a saya tun daga gida don can ba za ki samu a ƙauye ba. 'Yan mata ma haka. Lalle da kitso kuwa duk wadda ta yi sabo ta taho, ruwan gishiri zai gaisa da shi, gara a bari sai an dawo.

Abinci. Kudancin Gana yawanci kiristoci ne, ana cin alade, kuma naman da ke kicin ɗin otal ba ka san yankan waye ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ku koma kifi, kuma wallahi ba asara kuka yi ba, kifin da aka fito da shi da safe aka gasa da rana daban yake da wanda muka saba saya a ƙanƙare. Ruwan teku mai tsarki ne kuma abun cikinsa halal ne kamar yadda ya zo a hadisi. Ka shiga kicin da kanka ranar farko ku gaisa da mai girki, ka gaya masa ba alade, ba giya a miya, a soya muku da mai daban, ka ɗan sa masa wani abu a hannu, za ka ga yadda zai riƙe ku. In kuna son kaza ko nama, direba ya kai ka zango ko kasuwar Kotokuraba a Cape Coast ka saya wajen mahautanmu ka kawo a dafa, yawancin ƙananan wuraren suna yarda in an yi magana.

Wani abu da baƙo ba ya sani, yawancin masuntan Gana ba sa fita teku ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni. Don haka in kana son sabon kifi daga kwalekwale, ka saya Litinin. Sauran ranaku kuwa ka tashi yara da wuri ku je kallon jan taru, mutum ashirin talatin a layi suna jan igiya ɗaya suna waƙa, taku ɗaya ja ɗaya, su fi awa suna yi kafin tarun ya iso tudu, mata na tsaye da manyan kwanonin silba suna jira, kifi na ta tsalle yana walƙiya cikin yashi da ƙaguwa da jatan lande, yaran garin suna tsintar ƙananan da suka zube. In ɗanka ya kama igiyar ya taya su ba za su hana shi ba. Amma a nemi izini kafin a ɗaga waya, ba kowa ke son hoto ba.

Ku ɗanɗana nasu, banku da gasasshiyar karfasa, kenke da soyayyen kifi (dukkansu tuwon masara ne mai tsami), red-red wato wake da manja da soyayyar ayaba, kelewele, ita ma soyayyar ayaba ce mai citta da yaji da yamma, da waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta yi ja. Shito, baƙin yajin nan nasu, da busasshen jatan lande ake yin sa, duk wanda jikinsa ba ya son jatan lande ya kiyaye. Sai dai yara ba a yi musu dole, wani yaron in ya ji tsamin kenke ya rufe baki ke nan. A taho da garin kunu, madara, kayan shayi, indomi, dambun nama, yajin gida, fulas da ƙaramar butar lantarki. Kuma a yi odar abinci tun kafin a ji yunwa, awa ɗaya ko fiye, don a irin wuraren nan sai ka faɗa ake ɗora tukunya. Ruwan sha na gora ko na leda, a sayo katan a gari kafin a shiga, a ciki kuɗinsa ninki ne.

Sallah ba ta da wahala. A taho da darduma da buta, don banɗakinsu takarda ce kawai. Alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata arewa, in ka sa teku a hannun damanka kana kallon tsawon gaɓar ta wajen Akra to ka kusa, sai ka daidaita da manhajar waya. Ba za ku ji kiran sallah ba, a saita waya da lokacin garin. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara kuma duhu na rufawa nan da nan, saboda haka a tattaro yara daga bakin ruwa tun biyar da rabi. Maganar ƙasaru kuma, a mazhabar Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a waje ɗaya cika sallah za ka yi, a kan hanya ne kake ƙasaru. In Juma'a ta same ku, a shiga gari, ka sha hira da mutanen zango bayan an idar, Hausarsu da ɗan bambanci da tamu amma za ku fahimci juna tsaf.

Jakar magani kuwa uwargida ta fi ni sanin ta, amma kada a manta maganin zazzaɓi na yara, gishirin ORS, filasta, man shafawa na korar sauro, da duk maganin da wani ke sha kullum har da ƙari. Sauro na nan, damshi ne ko'ina. Man kare zafin rana ma a shafa wa yara, baƙar fata ma tana ƙonewa, iskar teku ce ke hana ka ji sai dare ya yi kafaɗa ta fara raɗaɗi. Daga sha ɗaya zuwa uku a zauna inuwa, amma a ɗaga kai a duba kafin a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin kwakwa, tana faɗowa. Kuɗi kuma a canza zuwa sidi, kuɗin Gana, tun a Akra wajen masu canji masu lasisi, a riƙe ƙananan takardu, kada a dogara da katin banki kaɗai.

Sai kuma kada ka cika jadawali. Wannan cutar magidanta ce, an kashe kuɗi dole a ga komai, yau nan gobe can, a dawo hutu a gajiye. In kwana biyar za ku yi, fita biyu ta isa. Ɗaya gidan bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, ko na Cape Coast wanda Obama ya ziyarta a 2009. Ka je da yaran da suka yi wayo, 'yan ƙanana a bar su a fili da wani, don kurkukun ƙarƙashin ƙasan duhu ne da zafi da wani irin wari da har yau bai fita ba, mai yi muku bayani yakan kashe fitila na ɗan lokaci don ku ji yadda yake, sannan ya kai ku 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. Kuma ba labarin wasu can ba ne, da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da fatakenmu ke zuwa sayen goro a ƙasar Gwanja. Yaron da ya karanta abun a littafin makaranta zai dawo da tambayoyi, ka shirya amsa. Baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa, kada ka yi musu a ƙofa.

Ta biyu dajin Kakum, wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai a saman bishiyoyi, tsawonsu wajen mita 350, wani wajen kana kusan mita 40 daga ƙasa, katako ɗaya ƙarƙashin ƙafa da raga hagu da dama, yana lilo. A je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso, a sa takalmi mai rufi don akwai hawan tudu kafin a kai. Mai jiri da mai ciki da kaka su zauna ƙasa su sha kwakwa, ba abun kunya ba ne.

Sauran kwanakin a bar su haka nan. Yara za su ce sun gaji da zama a rana ta biyu, musamman in ba sabis, ka ƙyale su, zuwa la'asar za ka same su sun haƙa rami sun binne ƙaninsu zuwa wuya suna bin ƙaguwa da gwangwani. Ƙwallo ɗaya, ludo, bokiti da cokali sun isa. Maigida kai ma ka karɓi goyon awa biyu uwargida ta yi barcin rana, in ba haka ba ita aikin gida kawai ta canza wa waje.

Ana gobe za ku tafi a biya kuɗi a duba lissafi layi-layi tun da dare, a sallami masu shara da mai girki da ɗan abun da ya samu. Kayan da aka shiga ruwa da su a ɗauraye da ruwan famfo a shanya tun la'asar, iskar wajen damshi gare ta ba sa bushewa da wuri, wanda bai bushe ba a ƙulle shi a leda daban. A kakkaɓe takalma da kyau. In jirginku na yamma ne ku bar masaukin da safe, ku ba Kasoa awanninta, in lokaci ya ragu ku tsaya unguwar Nima a Akra ku ci tuwo, ku yi azahar a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, daga nan filin jirgi ba nisa.